Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Cin Tapas da Daddare a Sifaniya

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan abu guda, wato yawon da ake yi da ƙafa da daddare a biranen Sifaniya, ana shiga mashaya ana fita, ana cin ƙananan faranta da ake kira tapas, ana haɗawa da giyar inabi. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Zan je Madrid baje kolin kayan masana'antu. Abokan huldata sun rubuto cewa sun tanadar mana yawon tapas tare da ɗan jagora a daren farko. Mene ne shi, kuma yaya ake yinsa? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Tapa ɗan abinci ne loma uku zuwa biyar a ƙaramin faranti, tapas kuma jam'insa ne. Kalmar ta fito daga tapar, wato rufewa, kuma labarin da aka fi bayarwa shi ne a da ana rufe bakin kofin giya da yankan burodi ko na nama saboda ƙudaje. Akwai wasu labaran da ke jingina abin ga sarakuna, amma waɗannan hirar mashaya ce, ɗan jagora zai ba ka wanda ya fi masa daɗi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba a zama wuri ɗaya. Mutanen ƙasar suna kiran al'adar tapeo: a tsaya a gaban kantar mashaya, a ci abu ɗaya ko biyu da gidan ya shahara da su, a sha kofi ɗaya, a biya, a wuce gaba. Yawon da ake biya wa kuɗi wannan al'adar ce aka tsara. Yawanci awa uku zuwa huɗu ne, mashaya uku zuwa biyar, mutum takwas zuwa goma sha biyu, tafiyar ƙafa kilomita biyu ko kusa da haka. A kowace tasha za a yi minti talatin zuwa arba'in. Ana farawa da abu mai sanyi da sauƙi kamar zaitun, cuku da ƙananan kifi, a biyo da soye-soye, sannan dafaffen nama mai romo, a rufe da kayan zaƙi. A Madrid an fi yinsa a unguwar La Latina, musamman titin Cava Baja, da kewayen dandalin Plaza Mayor da kasuwar San Miguel.

Kuskuren baƙo na farko shi ne cika ciki a tashar farko. Faranti ƙarami ne, yunwa kuma tana ci, sai mutum ya kama burodin da ke gabansa ya yi ta turawa. Kafin a kai mashaya ta uku, inda abincin kirki yake, ya ƙoshi. Ka ci abin rana kamar yadda ka saba, ka ɗan taɓa wani abu da la'asar, ka bar burodi sai na dangwalar romo.

TAMBAYA: Ni da maigidana ba ma shan giya, ba ma cin naman alade. Shin akwai abin da za mu ci a irin wannan yawo, ko asarar kuɗi ce kawai? Daga wata mai karatu a Zinder.

AMSA: Hajiya, tambayarki kashi biyu ce. Kashi na farko na malamai ne: wuraren nan mashaya ne, za a sha giya a kantar da kuke tsaye, kuma malamai da dama sun hana zama a teburin da ake shanta. Wannan ku tambayi malaminku kafin ku biya ko sisi. Idan amsar ita ce a'a, ba ku rasa abincin ba, domin a Granada, Kordoba da Madrid akwai gidajen abincin halal da ke dafa irin waɗannan faranta, kuma akwai hukumar Instituto Halal da ke Kordoba mai ba da takardar shaida. Kashi na biyu shi ne namu, wato abin da ke cikin farantin.

Matsalar alade a Sifaniya ba ta naman da ido ke gani ba ce. Wannan mai sauƙi ne, cinyoyin busasshen naman da ake kira jamón suna rataye a saman kanta kowa na gani. Matsalar ita ce ana amfani da shi kamar yadda ake sa daddawa a miya, ɗan kaɗan don ɗanɗano, har ma'aikacin mashaya ba ya lissafa shi a matsayin nama. Idan kika ce ba kya cin carne, wato nama, zai iya kawo miki wake da gutsattsarin jamón a ciki da zuciya ɗaya. Saboda haka sai an ambaci kowanne da sunansa: sin cerdo, sin jamón, sin chorizo, sin manteca. Ma'anarsa ban da alade, ban da busasshen namansa, ban da tsiran alade mai jan barkono, ban da kitsensa. Ki rubuta wannan a takarda ko a waya ki nuna, ya fi a yi ta fama da lafazi cikin hayaniya.

Ga inda yake ɓuya. Croquetas, waɗannan dunƙulallun soyayyu masu laushin ciki, mafi yawansu na jamón ne, ko na kaza ma sau da yawa da romon ƙashin alade aka dama su. Na kifin bacalao ko na alayyafo sun fi aminci, amma a tambaya. Salmorejo, miyar tumatir mai kauri da sanyi ta Kordoba, asalinta tumatir ne da burodi da man zaitun da tafarnuwa, sai dai ana barbaɗa mata jamón da dafaffen ƙwai a sama, don haka a faɗa tun kafin a zuba. Albóndigas, ƙwallayen niƙaƙƙen nama, galibi haɗin sa da alade ne. Sunan daga Larabci yake, al-bunduƙa, tushe ɗaya da kalmarmu ta bindiga, amma sunan Larabci ba shaidar halal ba ce. Mafi yaudara shi ne pincho moruno, wato tsiren Larabawan Magrib: kayan yajin nasu ne, naman kuwa a yawancin mashaya na alade ne. Haka lomo, secreto, presa, morcilla, torreznos, flamenquín da pringá, duk alade ne ko da ba a rubuta cerdo ba. A ɓangaren kayan zaƙi, mantecados, polvorones da ensaimada da kitsen alade ake kwaɓa su.

Giya ma tana shiga tukunya. Rabo de toro, wato farfesun wutsiyar sa, da jar giya ake dafa shi, haka carrillada, wato naman kumatu. Duk abin da aka rubuta masa al Jerez, al vino, a la sidra, al whisky ko a la marinera, akwai barasa a romonsa. Kada ki dogara da takardar abubuwan da ke tayar da rashin lafiya da suke nunawa. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da alkama, kuma alade da giya ba sa cikin jerin.

Abin da ya rage yana da yawa, kuma shi ne mafi daɗin abincin ƙasar. Tortilla de patatas, wainar ƙwai mai kauri da dankalin turawa da albasa. Patatas bravas, soyayyen dankali da miya mai ɗan yaji, wanda ga harshen da ya saba da attaruhu wasan yara ne. Pimientos de Padrón, ƙananan koren tattasai da aka soya aka barbaɗa gishiri, jefi-jefi a ci karo da mai zafi. Espinacas con garbanzos na birnin Sebiya, wanda littattafan Larabci ke kira Ishbiliya, alayyafo da waken Larabawa da kamun. Berenjenas con miel, soyayyen baƙin yalo da aka yaryaɗa wa ruwan rake mai kauri. Sai kayan teku: boquerones, wato ƙananan kifi, soyayyu ko waɗanda aka jiƙa a ruwan tsami, tortillitas de camarones na Kadis, wato siririyar waina da ƙananan jatan lande, da pulpo a la gallega, dabbar teku mai hannaye takwas da aka dafa aka zuba wa man zaitun da garin tattasai. Naman sa da kaza na mashaya ta yau da kullum ba yankan Musulmi ba ne, kuma ƙananan mashaya kan soya komai a kasko ɗaya. Wanda yake tsaurarawa sai ya tsaya kan gasasshe, dafaffe da mai sanyi.

Game da kuɗin: farashin yawon ya haɗa da giyar, kuma kamfanoni kaɗan ne ke rage wa wanda ba ya sha. Ku rubuta musu kafin biya, ku ce mutum biyu, ban da alade da barasa har a cikin girki, ku nemi su faɗi abin da za a ba ku a kowace tasha. Wanda ya amsa da sunayen faranta ya san aikinsa. Wanda ya ce kawai "babu damuwa", akwai damuwa, domin abincin an riga an yi odarsa tun da rana, ba a wurin ake zaɓa ba. Ku sani kuma cewa haƙƙin fasa sayayya cikin kwana 14 da ake da shi a Turai bai shafi abin da aka tsayar wa rana ba, sai abin da kamfanin ya rubuta, wanda yawanci awa 24 ne kafin lokaci.

TAMBAYA: An ce mini in nemi mosto a madadin giya. Gaskiya ne ba ya bugarwa? Daga wani ɗalibi a Sebiya.

AMSA: Malam, ka yi sa'a da ka tambaya, domin a garin da kake ne amsar ta bambanta. A Madrid da arewacin ƙasar, mosto ruwan 'ya'yan inabi ne da bai tsimu ba, mai zaƙi, ana kawo shi da ƙanƙara da ƙwayar zaitun, yara ma suna sha. Amma a yankin Aljarafe da ke bakin Sebiya, da kewayen Jerez, mosto sunan sabuwar giyar bana ce, wadda ake fara sayarwa a watan Nuwamba, kuma barasarta ta haura kashi 10 cikin 100. Ka ce mosto sin alcohol, ka nemi a nuna maka kwalbar. In daga ganga ko tulu aka zubo, ka bar shi.

Tarko na biyu giyar sha'ir ce da ake kira sin, wato maras barasa. Dokar Sifaniya ta yarda a kira ta haka muddin barasar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Wadda aka rubuta wa 0,0 ita ce aka cire kusan duka. Tinto de verano da sangría kuwa, duk da kamarsu da zoɓo da yankan lemo a ciki, jar giya ce aka sirka. Abin da babu shakka a kansa: zumo de naranja natural, lemon zaƙi da aka matse a gabanka, agua con gas, ruwa mai iska, wanda ya fi dacewa da soye-soye, da Bitter Kas, jan lemon kwalba mai ɗaci maras barasa. Ruwan famfo kyauta ne, dokar 2022 ta wajabta wa gidajen abinci su bayar in an nema, sunansa agua del grifo. In hanya ta kai ka Balensiya, ka nemi horchata de chufa. Kunun aya ne, ba wani abu ba, kuma wani ɓangare na ayar da masana'antun ƙasar ke amfani da ita daga Afirka ta Yamma ake kai ta, har da Nijar. A shagunansa na musamman aka fi sayar da shi.

TAMBAYA: Mun fita ƙarfe shida da rabi na yamma neman tapas, muka tarar kusan ko'ina ba a girki. Yajin aiki ake yi ko me? Daga wasu ma'aurata da suka je hutu.

AMSA: Ba yajin aiki ba ne, kun yi sammako ne. Ana cin abincin rana daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, sannan ɗakunan girki su rufe har kusan takwas ko takwas da rabi. Abincin dare daga tara ne zuwa sha ɗaya. Wani ɓangare na dalilin agogo ne: Madrid tana yamma da Landan, amma tun 1940 agogon Sifaniya yake gaba da na Ingila da awa ɗaya, don haka rana tana makara bisa lissafin agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sauran watannin suna gaba da awa ɗaya.

Wannan ya shafi salla. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Madrid sai kusan goma saura kwata na dare, wato magariba za ta riske ku a tsakiyar yawon. A Disamba kuwa kafin shida ta faɗi, kun idar kafin a fara. A Granada abin da sauƙi, babban masallacin da aka buɗe a 2003 yana unguwar Albaicín, kusa da dandalin San Nicolás inda ake hangen fadar Alhambra, sai dai hawa ne mai tsayi daga Plaza Nueva. Yawon da ke farawa ƙarfe shida ko shida da rabi an tsara shi ne don baƙi, za ku samu wuri ba cunkoso amma ba za ku ga mutanen gari ba. Na bakwai da rabi ko takwas ya fi. Daren Lahadi da ranar Litinin mashaya da yawa suna hutu, a watan Agusta kuma wasu kan rufe makonni.

TAMBAYA: Ni Kirista ne, ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal, kuma ina shan giyar inabi jefi-jefi. Wace iri ake bayarwa a yawon, kuma me ya sa ake cewa tana kayar da baƙi? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, ya danganta da gari. A Sebiya da Kadis ana farawa da fino ko manzanilla, giyar yankin Jerez, Sanlúcar de Barrameda da El Puerto de Santa María. Fara ce, ba ta da zaƙi ko kaɗan, tana tsufa a ganga ƙarƙashin wani yis da ke yi mata rufi, ana kiransa flor. Ana sha da sanyi sosai tare da zaitun da soyayyen kifi. A Madrid galibi vermut ne ke buɗe fage, giyar da aka jiƙa wa ganyaye masu ɗaci. Da kayan teku a kan kawo Albariño ta Galisiya ko Verdejo ta Rueda, a yankin Bask kuma txakoli, mai tsami da ɗan kumfa, wadda ake tsiyayowa daga sama. Da nama sai ja, Rioja ko Ribera del Duero, daga inabin Tempranillo. Kalmomin da ke jikin kwalbar Rioja ja shekarun ajiya suke nufi: crianza shekara biyu, aƙalla ɗaya a gangar katako; reserva uku, aƙalla ɗaya a ganga; gran reserva biyar, aƙalla biyu a ganga.

Dalilin kayarwar lissafi ne. Kofi ɗaya kusan mililita 150 ne, kwalba kuma 750. Tasha huɗu, kofi huɗu, mililita 600, saura kaɗan kwalba guda, kuma a tsaye, cikin hira, ba wanda ke ƙirgawa. Ga shi fino da vermut, waɗanda ake sha tun ciki babu komai, barasarsu kusan kashi 15 ce, sun fi giyar tebur ƙarfi duk da sanyinsu yana ɓoye hakan. Ƙara da gishirin zaitun da kifi mai jawo ƙishi, da zafin Sebiya da ke haura digiri 40 a Yuli da Agusta. Mutanen gari ƙaramin awo suke nema, chato a Madrid, txikito a Bask, kuma ba dole ne a shanye abin da aka zuba ba. Kofin ruwa a kowace tasha, kuma kada a yi tuƙi a daren. Mai ciki, mai ciwon hanta, da mai shan maganin da bai jitu da barasa ba, su bi shawarar da muka ba ɗalibin Sebiya. Ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba.

TAMBAYA: Da gaske ne a Granada kyauta ake ba da tapas? In haka ne, me zai sa in biya ɗan jagora? Daga wata malamar makaranta a Kaduna.

AMSA: Da gaske ne, Malama, haka ma a Almeriya, Jaén da León. Kina sayen abin sha, tapa ta biyo shi, kuma a mafi yawan wurare lemon kwalba ma yana jawo ta, gahawa da ruwan famfo ne ba sa jawowa. Amma a mashaya da yawa gidan ne ke zaɓa, zagaye na farko abu kaza, na biyu abu kaza, don haka sin cerdo a lokacin odar abin sha ake faɗinta, ba bayan faranti ya sauka ba. Titin Navas da titin Elvira su ne wuraren farawa, kuma a titin Calderería Nueva akwai shagunan shayi irin na Maroko ga wanda ba ya son mashaya sam.

A ganinmu a Granada ba kya buƙatar ɗan jagora, Yuro 15 zuwa 20 sun isa mutum ya ƙoshi, alhali yawon da aka tsara kan ci daga kusan Yuro 60 zuwa sama da 100. Inda kuɗin ke biyan kansa shi ne San Sebastián da Logroño da ke arewacin ƙasar, inda kowace mashaya ke da abu ɗaya da ta ƙware a kai kuma baƙo ba zai sani ba. A titin Laurel na Logroño akwai gidan da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, gasasshiya da tafarnuwa, ita kaɗai yake sayarwa. A tsohon garin San Sebastián abincin sunansa pintxo, ana jera masu sanyi a kanta, amma mafi kyawunsu masu zafi ne da ake rubutawa a allo, sai an yi oda.

In za ki yi da kanki, ki kula da awo uku: tapa ta mutum ɗaya, media ración ta mutum biyu, ración babban faranti na mutum uku ko huɗu. Wasu gidajen ba sa ba da tapa sai a kanta, in kika zauna a tebur sai ración, teburin waje kuma ya fi tsada. Burodin da aka ajiye ba ki nema ba ana iya cajinsa, in ba kya so ki ce a ɗauke. Farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji. Ana biya a ƙarshe da cewa la cuenta, por favor, kuma a El Rinconcillo na Sebiya, wanda ke aiki tun 1670, da alli ake rubuta lissafin a jikin kanta. Tukwici ba dole ba ne, cika canji ya wadatar. In lissafi ya saɓa kuma aka ƙi gyarawa, ki nemi hoja de reclamaciones, takardar koke da doka ta wajabta wa kowane shago ya ajiye.

TAMBAYA: Za mu iya zuwa da yara da kuma mahaifiyata mai ciwon gwiwa? Daga wani magidanci a Maraɗi.

AMSA: Yara suna shiga mashaya tare da iyayensu a Sifaniya, har sha ɗaya na dare ana ganinsu, amma wasu kamfanonin yawon ba sa karɓar wanda bai kai 18 ba, sai ka tambaya. Ga Hajiya kuwa, tafiyar ba ita ce wahalar ba, tsayuwar ce, domin a tasha biyu ko uku babu kujera. Ka nemi yawon iyali kaɗai, ka sharɗanta zama a kowace tasha. Sebiya shimfiɗaɗɗiya ce, ta fi mata. Albaicín ta Granada hawa ce da matakala da daɓen duwatsu masu santsi, a bar ta ko a hau ƙaramar bas. Takalmi maras tsini ga kowa, jaka a gaba, waya kada a ajiye ta a kan kanta. Lambar gaggawa 112 ce.